Numfashin 'Yar Fari

"Ni fa na gaji, Maman Hafsat. Wallahi na gaji. Yarinyar da ke ɗauko aya tun daga kai ta sauke ta a ƙarshe ko kafaɗa ba ta ɗaga ba, yau ita ce kalma huɗu ta tsaya tana haki kamar ta hau Dala da gudu."

Malama Halima ce, malamar haddarsu a Islamiyya, tsaye a kaina da hijabinta har ƙasa. Ni kuwa ina gaban tanda ina juya waina, ga masu saye suna jira a zaure.

Na ce, "Malama, ga kujera."

Ta ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Maganar Ikram nake miki. Saura wata biyu musabaƙa, kuma ita na sa a izu ashirin. Jiya jiri ya ɗebe ta a kan tabarma, sai da muka yayyafa mata ruwa. Na ba ta sati biyar. In numfashin nan bai dawo ba, zan cire sunanta in sa wata. Ba zan kai yarinya gaban alƙalai ta faɗi ba."

Na kwashe waina, na shafa mai, na zuba sabon ƙullu. Na ce, "To, a gaya wa babanta."

"Na je har rumfarsa a kasuwar Kurmi. Yana yankan fata, ko kai bai ɗago ba. Ya ce a gaya miki."

To kun ji yadda abin yake. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. 'Yar fari ce. Mu a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama da shi a yi hira, ba a yaba shi, in ana zancensa a gabanka sai ka kama wani aikin. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. Haka na tashi na gani, haka na yi. Shi ya sa duk unguwarmu ta Madabo da Maman Hafsat aka san ni, sunan ƙanwar da ke bi mata. Ita kuwa in ya zama dole sai in ce "ke," ko in ce "'yar Hajiya."

Kuma da gaske 'yar Hajiya ce. Ranar da aka yaye ta surukata Hajiya 'Yardada ta goya ta ta tsallaka tsakar gida da ita zuwa ɗakinta. Cinta, shanta, kitsonta, zazzaɓinta, duk Hajiya. Hajiya ce ta fara kai ta hadda, tana cewa kafin ta mutu sai ta ji muryar jikarta a lasifika. Allah bai nufa ba. Bara, ana saura kwana kaɗan azumi, Hajiya ta rasu. Aka yi zaman makoki, aka watse. Yarinya ta ci gaba da kwana a ɗakin Hajiya ita da Hafsat. Ni kuma na ci gaba yadda na saba: in dafa, in zuba a kwano, in rufe, in ajiye. Wanda ya ci ya ci. Ban taɓa tsayawa na ce, to yanzu da Hajiya ba ta nan, wa ke duba kwanon yarinyar nan ba.

Da Malama ta tafi, ranar na saci kallon yarinyar. Shekara goma sha biyar, amma na rantse ranar na fara ƙare mata kallo. Ta dawo daga boko, ta ajiye jaka, ta zauna a bakin rijiya sai da ta huta kafin ta cire safa. Leɓenta fari fat. Hannunta kamar an wanke shi da toka. Da ta shiga wanka na buɗe jakar, na tarar da ƙullin leda cike da farar ƙasa, an gutsura an gutsura.

Da yamma na gaya wa Malam, babanta. Ya ce bari ya kira yayarsa. Washegari sai ga Gwaggo Sa'ida daga Gwammaja, tun daga zaure take faɗa.

"Baki ne! Ni na san za a rina. Yarinya murya kamar sarewa, kowa ya ji sai ya tanka, ba mai cewa tubarkalla. Ɗahiru, kai ma kana zaune!"

Ta sa aka karɓo rubutu, ta yi tofi a ruwa. Ni ban hana ba, kuma har gobe ba zan hana ba, addu'a ba ta taɓa yi wa kowa yawa ba. Kwana uku ana sha.

Rana ta huɗu da safe ina gaban tanda, yarinyar ta ɗauko bokiti daga bakin rijiya. Taku uku ta yi. Na ji ƙarar bokitin kafin in gan ta a ƙasa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tallabo kanta, na ji ba nauyi, kamar na ɗauki ƙwarya. Waina ta ƙone ƙurmus a tanda, hayaƙi ya cika gidan, masu saye suna ta sallama. Na ce da Hafsat ta sauke tandar ta ce musu yau babu. Na zura hijabi, na tare adaidaita sahu, sai ƙaramin asibitin da ke bayan unguwarmu.

Nas ɗin da muka samu Sista Fanna ake ce mata, Babarbariya ce da tsagenta a kumatu, za ta girme ni. Ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta duba tafin hannunta da faratanta, ta sa aka ɗebi jini. Sannan ta ɗauki biro ta juyo gare ni.

"Yaushe ta fara al'ada?"

Na hau gyaran hijabina.

"Kwana nawa take yi?"

Na kalli ƙasa.

"To me take ci da safe?"

Na ce, "Ana dai zubawa."

"Ban ce me ake zubawa ba. Me take ci?"

Ta ajiye biron. "Baiwar Allah, ke ce uwarta kuwa, ko maƙwabciya ce kika taimaka?"

Na ce, "'Yar fari ce."

"Au! Ko da Fulani a danginku?"

Na ce kakata ce.

Ta tafa hannu. "Da ma na ga alama! Ku dai kunyar nan sai ta kai ku inda ba a dawowa."

Na ce, "Gara mu, Sista, muna da abin da za mu rage. Ku Barebari sai an ranto muku."

Ta yi dariya har da buga tebur. Amma da takardar gwaji ta dawo dariyar ta ɗauke. Ta ce jinin yarinyar ya yi ƙasa sosai, kaɗan ya rage a ce sai an kwantar da ita an ƙara mata. Ta ce jini shi ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa ya raba wa jiki, in ya yi kaɗan dole mutum ya yi ta haki ko tsintsiya ya ɗaga. Ta ce kwaɗayin farar ƙasar ma alamarsa ce.

Ta nuna mana wani benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. "Kafin likita ya kira ku, ku je can. Tambayoyin nan uku, ke za ki yi mata su, ba ni ba. Ni yau kawai za ta gan ni. Ke ce za ta gani gobe."

Muka zauna, ita a wancan bakin, ni a wannan. Wallahi gara a ce in daka gero buhu guda. Na kafa wa katanga ido, na ce da katangar, "Yaushe aka fara?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan a hankali ta ce, "Bayan arba'in ɗin Hajiya."

Kusan shekara ke nan. A gidana, ina kwana ina tashi.

"Kwana nawa?"

"Takwas. Wani lokacin tara. Da yawa yake zuwa, Umma."

"Da me ake tarewa?"

"Tsohon zanin Hajiya na yayyaga."

Na ce, "To salla fa? Ni ban taɓa ganin an sha salla ba."

Ta ce, "In an kira, sai in yi alwala in shiga ɗakin Hajiya in turo ƙofa. In zauna kamar tsawon raka'a huɗu, in fito."

Nan na daina kallon katanga. Na juyo na kalle ta sosai. Yarinya ta zauna ita kaɗai a ɗakin mamaciya tana lissafa raka'ar da ba ta yi ba, don kada uwarta ta sani. Na ce a raina, Kaltume, wannan ba kunya ba ce kuma, wannan sai kin amsa tambaya a kansa ranar gobe.

Na matsa kusa. Na ce, "Abinci fa?"

Sai zance ya ɓalle kamar an kwance bakin buhu. Wai 'yan ajinsu na hadda sun ce maiƙo yana toshe murya, don haka ta daina cin waina da ƙosai. Wai gyaɗa tana sa kaki, ta bar kunun gyaɗa. Wai wake yana cika ciki ya hana jan numfashi. Da safe shayi kawai, baƙi ƙirin, da citta da kanumfari, wai yana buɗe maƙogwaro. Da rana shayi, da yamma shayi. Abincin da nake zubawa Hafsat ke cinye rabi, sauran kaji. Ruwa kuwa ba ta sha tun safe har a tashi daga boko, don kada fitsari ya kama ta, banɗakin makarantar ba ƙofa. Barci kuma kaɗan take yi, tana ta maimaita hadda.

Na ce, "Duk don musabaƙar?"

Ta ce, "Hajiya ta ce tana so ta ji ni a lasifika."

Likita ya gan mu, ya rubuta maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, da wani da za ta sha in al'adar ta zo don ya rage yawanta. Ya ce a riƙa lura da kwanakin, mu dawo bayan wata guda. Sista Fanna ta raka mu har ƙofa tana jaddada min: maganin nan kullum, wata uku, ko ta ji sauƙi kada a daina. Kada a haɗa shi da shayi, shayi yana hana jiki karɓarsa, a bi shi da lemon zaƙi ko gwaiba. In bayan gida ya yi baƙi kada a tsorata, aikin maganin ne. Farar ƙasa a zubar. A sayi audugar mata, a riƙa canzawa a kan lokaci, a wanke jiki da ruwa mai tsabta.

Na ce, "Sista, wata biyu ya isa numfashi ya dawo?"

Ta ce, "In kin tsaya a kanta. In zubawa za ki yi ki rufe ki ajiye, ko shekara biyu."

Ni ba boko na yi mai nisa ba, aji huɗu aka cire ni. Amma in aka ce ga aiki, na san aiki. Muna isa gida na ɗauke fulas ɗin shayin na kulle a kabad. Na zubar da farar ƙasa a kwata. Na ɗauki gawayi na ja layi a bayan ƙofar kicin, kullum ta sha magani in ja ɗaya, kwanakin al'ada kuma in yi musu zagaye. Na samo gora mai murfi na ce kullum a cika ta a tafi da ita boko, a dawo min da ita ba ko ɗigo. Na je makarantar da kaina na samu shugabar, na ce ga tsohuwar ƙofar langa-langa a gidanmu tana jingine ba ta aikin komai, in sun yarda a kafa a banɗakin 'yan mata. Ta yarda. Malam ya tura kafinta ya kafa.

Sannan na wuce gidan Malama Halima. Na ce, "Malama, a wane littafi aka ce mai hadda ba ya cin wake?"

Ta ce, "Wake kuma?"

Na zayyana mata komai. Ta dafe ƙirji. Ta ce, "Innalillahi. Ni ce fa na ce musu ranar da za su yi karatu a gaban jama'a su rage maiƙo da ruwan ƙanƙara. Ranar kawai! Ashe sun mayar da shi azumi." Washegari ta tara 'yan ajin duka ta ja wa kowacce fatar ido ƙasa. Ta samu uku da ta aika gida da saƙo.

Saura babban aikin. Na lura in na zuba wa yarinyar ita kaɗai, sai ta tsakura ta ture. Rana ta uku na ɗauko kwano ɗaya babba, na zuba faten wake da alayyafo, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Hajiya, na zauna. Na ce, "Ke, zo."

Ta zo ta tsaya.

"Zauna. Sa hannu."

Ta kalle ni kamar na ce ta taka wuta. Tunda aka yaye ta hannuna da nata ba su taɓa haɗuwa a kwano ba. Na ja layi da yatsa a tsakiyar faten, na ce, "Nan nawa, nan naki. Ba mai tashi sai an ga gindin kwano."

Muka ci, kowa da gefensa. An ɗauki lokaci. Amma an ga gindin kwano.

Haka muka ɗora. Da safe kunun gyaɗa da waina uku da dafaffen ƙwai, kafin in sayar wa kowa. Da rana wake, ko alale, ko ɗanwake. Da yamma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko rama. Ana idar da isha'i nake karɓe littafin haddar in kai ɗakina, sai bayan asuba. Ta yi kuka a kan wannan, ta ce hadda za ta zube. Na ce, "Ta zube a kan katifa ya fi ke ki zube a bakin rijiya."

Malam kuwa na ce masa, "Malam, hanta. Sau biyu a sati."

Ya ce, "Ta wa?"

Na ce, "Ka sani."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Ranar Litinin sai ga shi da ƙulli a cikin jakar fatar da yake ɗinkawa, ya ajiye a bakin kicin yana kallon sama, ya ce, "A ba wa yara." Yara kuwa! Hafsat na miƙo hannu ya ce, "Ke, ba ke ba."

Ana cikin sati na biyu Gwaggo Sa'ida ta yi sallama ta same mu hannu biyu a kwano ɗaya. Ta tsaya cak, ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Kaltume! 'Yar fari? A kwano ɗaya? Yau na ga ƙarshen zamani. Da Hajiya na da rai da ta ga abin da ya fi ƙarfin idonta."

Na ce, "Yaya, da Hajiya na da rai ai da ba ni ce a nan ba, ita ce. Ta tafi ta bar kwanon, wani ya zama dole ya zauna."

"To ai sai ki goya ta ki zaga Madabo da ita."

"In likita ya rubuta, zan goya. Bismillah, sa hannu, da hanta a ciki."

Ta yi tsaki, ta ce ita ba ta cin abin marasa kunya. Ta wanke hannu ta zauna. Ita ta cinye ɓangarena.

Ba a ce komai ya tafi sumul ba. Maganin yana tayar wa yarinyar da zuciya, wata rana ina gyara shimfiɗa na tsinci ƙwaya huɗu a ƙarƙashin filo. Ban yi faɗa ba. Na kai ta bayan ƙofar kicin, na sa ta goge layi huɗu da hannunta. Na koma wajen Sista Fanna, ta ce a riƙa ba ta bayan ta ci abinci, ba da wofin ciki ba. Daga ranar a tafin hannuna take ɗauka, ina tsaye har ta haɗiye, in ce, "Buɗe baki."

A sati na uku na ga ta ja guga ta cika bokiti ba ta zauna ba. A na huɗu na aike ta Kurmi ta kai wa babanta abinci a ƙafa, ta dawo tana ba Hafsat labari tun daga zaure, ba haki. Leɓen ya fara ja. Da al'ada ta zo, ita da kanta ta zo ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Umma, a yi zagaye." Kwana shida ta yi. Muka koma asibiti aka sake gwaji, Sista Fanna ta ɗaga takardar ta ce, "Bafulatana, ashe kina jin magana!"

Ranar da sati biyar ya cika Malama Halima ta zo har gida, ta ce a nan za ta gwada ta. Ta zaɓo ayar nan doguwa da ta kayar da ita a kan tabarma. Ni ina kicin, wai ina tankaɗe. Yarinyar ta ɗauko, ta tafi, ta tafi, sai dab da ƙarshe numfashin ya yanke. Na ji rariyar ta tsaya a hannuna.

Malama ta ce, "Saura kalma biyu. Da, a ta huɗu kike tsayawa. Na bar sunanki. Maman Hafsat, ko me kike ba ta, ƙara."

Na ƙara.

Ranar musabaƙa, a al'ada ban da abin da zai kai ni. Uwar 'yar fari tana gida, in an dawo da labari ta ce "to, madalla," ta ci gaba da aikinta. Na yi niyyar hakan. Har na jiƙa shinkafar waina. Sai na ga yarinyar ta fito da farin hijabi, ta tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya tana kallon ciki. Na ce da Hafsat, "Ɗauko min takalmina."

A filin wata makaranta aka yi, an kafa rumfuna, mata a gefe guda. Na zauna can baya, na ja hijabi har goshi. Gwaggo Sa'ida tana sahun gaba, ta baje kamar ita ta shirya taron. Malam na hango shi can bakin ƙofa a tsaye, wai wucewa yake yi.

Yara suka yi ta hawa suna sauka. Aka kira ta. Ta zauna a gaban alƙalai uku, aka gyara mata makirfo. Aka ja mata baƙi na farko, alƙali ya ɗauko aya ita ta ɗora, ta wuce. Na biyu, ta wuce, ba a buga ƙararrawa ko sau ɗaya ba. A na uku, tana cikin tafiya, sai na ji ta doso ayar nan. Na san ta, ai sati takwas ina jin ta ta bangon kicin. Na ga kafaɗarta ta ɗaga, ta ja iska.

Ni ma na riƙe nawa numfashin, ban san na yi ba. Ta ɗauko. Muryar ta fita ta lasifika, ta haye katanga, na san har masu awo a bakin titi suna ji. Ta wuce inda take tsayawa da. Ta wuce inda ta tsaya ranar gwaji. Ni nawa ya ƙare, na saki, ina haki. Ita ba ta saki ba. Ta kai ƙarshe, ta ja madda ɗin nan har sai da ya cika, ta sauke shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Filin ya ɗauki kabbara. Wata mata a gefena ta ce, "Tubarkalla! 'Yar wace ce wannan?" Na buɗe baki in ce ban sani ba, yadda aka saba. Sai na rufe.

Da aka zo faɗar sakamako, izu ashirin ɓangaren mata, ita ce ta ɗaya. Keken ɗinki aka ba ta. Mai sanarwa ya ce, "Ikram Ɗahiru Madabo! Ina mahaifiyarta? Mahaifiyar Ikram ta taso ta taya ta karɓa!"

Gwaggo Sa'ida ta yunƙura za ta tashi, don ita ce ya kamata ta tsaya a madadina. Sai ta waiwayo, ta neme ni har ta gano ni a can baya. Ta koma ta zauna. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Ke marar kunya, ai sai ki ƙarasa abin da kika fara!"

Na tashi. Na ratsa matan nan tun daga baya har gaba, ana buɗa min hanya. Malama Halima ta rangaɗa guɗa, ta manta a gaban malamai take. Na kama keken ta gefe ɗaya, yarinyar ta kama ɗaya gefen, muka ɗaga tare. Da nauyi fa. Ko gezau ba ta yi ba.

Malam ya sa aka ɗora keken a adaidaita sahu, shi da Gwaggo da Hafsat suka yi gaba. Mu biyu muka taho a ƙafa, don ita ta ce tana so ta taka. La'asar ta yi sanyi. Muka shigo lungunan Madabo, ina gaba tana baya, ina lissafin shinkafar da na jiƙa, da layin gawayi da ya rage na wata guda cur, don Sista ta ce wata uku, kuma wata uku za a yi ko ta ci musabaƙar duniya.

Na ce, "Muna shiga gida za a sha magani. Kada a ce don an ci keke."

Ta ce, "To, Umma."

Muka ɗan ƙara tafiya. Dab da zaurenmu na ji ta kamo gefen hijabina. Na tsaya.

Ta ce, "Umma, yau na ji sunana a lasifika. Kowa ya faɗa, har mutanen da ba su san ni ba."

Na ce, "Na ji."

Ta leƙa lungun gaba da baya. Ba kowa, sai wata akuya a gindin katanga.

"Ba mai ji, Umma. Ki faɗa. Sau ɗaya kawai, in ji yadda yake a bakinki."